Masu Auna Jirgi Kafin a Fita Yaƙi

A wasan kwamfuta na EVE Online, tsirara ake sayen jirgin yaƙi. Gangar jiki kawai za a miƙa maka, babu bindiga, babu injin ƙara gudu, sai gurabe a buɗe suna jiran abin da za ka ɗaura musu. In kuma abokan gaba suka tarwatsa shi, to ya tafi ke nan. Ba a danna wani maɓalli ya dawo sabo, kamar yadda aka saba gani a sauran wasanni. Sai dai ka koma kasuwa ka sake zaro kuɗi. Daga waɗannan sharuɗɗa biyu wata gwaninta ta tsiro, ta mutanen da kan zauna su auna jirgi da jirgi, su duba abin da kowanne zai iya a fagen fama da abin da zai ci kafin ya isa can, sannan su ce wa ɗaruruwan abokansu, "Wannan za mu hau."

Kamfanin CCP Games da ke Reykjavik, babban birnin ƙasar Aislan, shi ya fitar da wasan a watan Mayun 2003, kuma har yau ana buga shi. In ka ware 'yan wasan ƙasar Sin da ke da tasu duniyar daban, kowa da kowa a fili ɗaya yake, fili mai yankunan taurari sama da 7,000. Kusan duk jirgin da ke shawagi a ciki, wani ɗan wasa ne ya haƙo ma'adininsa daga duwatsun sararin samaniya, wani ya ƙera, wani ya yi dakonsa zuwa kasuwa. Kuɗin wasan sunansa ISK. Babbar kasuwa tana wani yanki da ake kira Jita, inda farashi ke hawa da sauka dare da rana. Harkar ta yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki na gaske, Dokta Eyjólfur Guðmundsson, ya riƙa sa mata ido, a 2023 kuma ya haɗa kai da Microsoft aka fitar da wani ƙari na manhajar Excel mai janyo alƙaluman wasan kai tsaye cikin jadawali. Masu zolaya kan ce aikin akawu ne aka yi wa ado da taurari. Masu auna jirgi ba sa jin zafin maganar, sun san akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Gwani ba ya fara aikinsa da sayayya. Yakan buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna pyfa, wadda 'yan wasa da kansu suka rubuta, ko allon gwaji da ke cikin wasan, inda ake ɗaura wa jirgi kaya a kan allo ba tare da an kashe ko sisi ba. Sai ya ɗauko gangar jirgi. Mu ce Caracal ya ɗauko, matsakaicin jirgi ajin kuruza, ƙirar daular Caldari, ɗaya daga dauloli huɗun wasan tare da Amarr da Gallente da Minmatar. Caracal na da gurabe biyar a sama, biyar a tsakiya, huɗu a ƙasa. Na sama na makamai ne. Na tsakiya su ke ɗaukar injin gudu, da kayan ƙarfafa garkuwa, da na'urorin riƙe abokin gaba don kada ya tsere. Na ƙasa na sulke ne da na'urorin ƙara wa makami zafi. Akwai wasu gurabe uku na kayan da ake liƙa wa jirgi dindindin, waɗanda in an sa su ba sa fitowa sai a lalace.

Duk abin da ka ɗaura yana cin kasonsa daga ma'auni biyu: ƙwaƙwalwar jirgi, wato ƙarfin kwamfutarsa, da ƙarfin lantarkin da yake iya rarrabawa. Kowanne yana da iyaka, iyakar kuma ba ta san lallashi ba.

A nan ake ganin haƙuri. Mutum ya cika gurabe goma sha uku, komai ya zauna daram, sai ya ɗora na'ura ta ƙarshe, layin ƙwaƙwalwa ya koma ja. Ya haura da maki biyu, biyu tak cikin ɗaruruwa, amma jirgin ba zai kunna na'urar ba ko da rabin maki ne ya haura. Hanyoyi uku ke gabansa. Yana iya cire na'urar ƙarfafa garkuwa mai inganci ya sa ƙanwarta mai ƙarancin ci, ya yi asarar ɗan abin da ba ya rasawa na juriya. Yana iya sadaukar da gurbi guda na ƙasa ya sa na'urar ƙara ƙwaƙwalwa, amma gurbin nan da ma na ƙara zafin makami ne. Ko kuma ya ce a dasa wa matuƙi wata 'yar na'ura a ka mai ƙara ƙwaƙwalwar jirgi da kashi 3 cikin 100. Wannan ta uku ita ta fi kyau a kan allo, don ba a taɓa komai a jikin jirgin ba. Sai dai gwani ya san abin da ke bayanta: in mutum ɗari za su hau jirgin, sai ɗari ɗin nan duk sun sayi dashen, kuma duk wanda aka fasa ƙwanson da yake zaune a ciki bayan jirginsa ya tarwatse, dashen ya bi ruwa. Sai ya gwada ta farko, ya kalli lambobi, ya mayar, ya gwada ta biyu, ya sake kallo. Maki biyun nan kan iya cinye masa rabin dare.

Akwai wata doka da ke hana zari. Idan ka jera na'urori iri ɗaya masu taɓa abu ɗaya, ta farko ce kaɗai ke aiki cikakke. Ta biyu tana ba da kusan kashi 87 cikin 100 na ƙarfinta, ta uku kashi 57, ta huɗu kashi 28, ta biyar kuwa bai fi kashi 11 ba. Na'urar da ke ƙara kashi 10, in ita ce ta huɗu a layi, abin da za ta ƙara bai kai kashi 3 ba, alhali kuɗinta da cin ƙwaƙwalwarta ba su ragu ba. Shi ya sa da wuya ka ga na huɗu a jirgin da ya fito daga hannun wanda ya san aiki. Gurbin nan yakan ba shi wani abin daban.

Daga nan sai batun juriya. Jirgi na da rufi uku: garkuwa ta haske a waje, sulke na ƙarfe a ƙarƙashinta, sai gangar jiki daga ciki. Ɓarnar da makamai ke yi kuma iri huɗu ce: tartsatsin lantarki, zafi, bugu, da fashewa. Garkuwar jirgi na gama-gari tana tare rabin ɓarnar fashewa, kashi 40 na bugu, kashi 20 na zafi, amma tartsatsin lantarki ba ta tare masa komai, yana wucewa salin alin. Sulke akasin haka ne, yana jure lantarki, fashewa ce ke karya shi. Wannan rauni 'yan wasa suna ce masa rami, aikin farko na mai shirya jirgi kuma shi ne toshe rami. Yana da zaɓi biyu a nan ma, kowanne da harajinsa. In ya dogara ga garkuwa, gurabensa na tsakiya sun tafi, ba shi da inda zai sa na'urar kama abokin gaba, kuma kayan faɗaɗa garkuwa na ƙara wa jirgi girma a idon masu harbi. In ya dogara ga sulke, gurabensa na ƙasa sun tafi tare da zafin makaminsa, kuma farantan ƙarfe na sa jirgi nauyi ya kasa juyawa da sauri.

Lambar da sabon shiga ke kallo ita ce yawan makin lafiyar jirgi. Lambar da gwani ke kallo ita ce abin da makin nan ke zama bayan an lissafa tariya. Jirgi mai maki 10,000 da ke tare rabin duka, sai an zuba masa ɓarnar maki 20,000 kafin ya faɗi. In tariyar ta kai kashi 75, sai an zuba 40,000. Ƙarin kashi 25 ya ninka juriya biyu, kuma kowane maki da abokan tafiya suka gyara masa a tsakiyar faɗa, shi ma darajarsa ta ninku haka. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɓangaren makami ya fi kowanne yaudara. Manhaja za ta rubuta maka cewa jirginka na zuba ɓarnar maki kaza a kowace daƙiƙa. 'Yan wasa suna kiran wannan ƙarfin takarda, don a takarda kaɗai yake cika. Kowace bindiga na da nisan da take samun abu daidai, da wani ƙarin nisa da harbinta ke raguwa a cikinsa. A ƙarshen ƙarin nan na farko rabin harsasai ne ke samu, in an ninka shi kuwa kusan shida cikin ɗari ne. Ga kuma saurin juyawa. Manyan bindigogin babban jirgi ajin batilshif nauyi gare su, ƙaramin jirgi ajin firigit da ya matso kusa yana kewaya shi da gudu yakan gagare su, su yi ta harbin iska har ɗan ƙaramin ya kira 'yan'uwansa. Makamai masu linzami ba sa kuskure irin na bindiga, amma in abin harbin ƙarami ne ko mai gudu, fashewar ba ta cin sa sosai. Har injin gudu da nasa sirrin: akwai wanda ke ninka saurin jirgi wajen sau biyar, amma yana kumbura inuwar jirgin a na'urar hangen abokan gaba kusan da irin wannan ninkin. Wanda ya kunna shi yana tunkarar bindiga kai tsaye, ya taimaka wa mai harbinsa ne.

Caracal ɗin namu ma misali ne mai kyau. An fi son ɗaura masa wasu bututun harba ƙananan makamai masu linzami da sauri, waɗanda ke cin ƙananan jirage kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Amma in suka ƙare, sake loda su na ɗaukar daƙiƙa 35, alhali bututu na gama-gari 10 yake ɗauka. Daƙiƙa 35 jirgi na tsaye ba ya harba komai. Gwani yakan shiga saitin manhajar ya ce a haɗa da lokacin lodi a lissafi, sai ka ga babbar lambar nan ta sauko. Sannan ya tambayi kansa: faɗan da muke sa ran yi, na minti ɗaya ne ko na minti goma?

Saura rumbun wuta. Wannan daban yake da ƙarfin lantarkin da muka ambata. Shi tafki ne da ke raguwa duk lokacin da na'ura ta yi aiki, yana kuma cika da kansa a hankali. Abin mamaki, saurin cikarsa ba ɗaya ba ne: ya fi sauri idan ya rage kashi 25 cikin 100, in ya faɗi ƙasa da haka kuma sai ya riƙa ja da baya. Don haka matuƙi mai kula yana sa ido kada rumbunsa ya gangara ƙasa da rubu'i, in ya ga ya doshi nan sai ya kashe injin gudu na zagaye ɗaya ko biyu. Bindigogin leza na Amarr wuta suke sha sosai, amma ƙwayar gilashinsu ta gama-gari ba ta ƙarewa, ba sai an yi dakon harsashi ba. Bindigogin Minmatar ba sa taɓa rumbun wuta ko kaɗan, kuma ana iya sauya musu harsashi gwargwadon ramin abokin gaba, sai dai harsashin saye ake yi, ɗauka ake yi, ƙarewa yake yi. Kowane makami da bakin da yake ci da shi.

Duk abin da muka zayyana rabin aiki ne. Rabi na biyu a littafin kuɗi yake, kuma a ganina nan ne gwaninta ta gaske take. Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san ranar saye ita ce mai sauƙi. Harawa da dusa da kanwa da mai wanke shi su ke nuna ko ka isa riƙe shi. Jirgi ma haka. Mai auna jirgi yakan buɗe jadawali ya rubuta kuɗin ganga, kuɗin kayan da aka ɗaura, harsashin da za a ƙone a fita guda, batura na gaggawa da ake cusa wa rumbun wuta, da man gyara da ake shafa wa na'urorin da suka ƙone don an tilasta musu aiki fiye da kima. Sai dako. Ƙungiyoyin da ke zaune a yankunan da babu doka nesa suke da Jita, kuma masu dako da girman kaya suke caji. Firigit a naɗe yana cin fili kubik mita 2,500, kuruza 10,000, batilshif 50,000. Wato gurbin batilshif ɗaya a cikin jirgin dako zai ɗauki kuruza biyar. Manyan jiragen dakon kuma mai suke sha a kowane tsalle, man da ake tacewa daga ƙanƙarar da wasu 'yan wasa ke haƙowa.

Sai inshora. Kowane jirgi na da ta kyauta mai mayar da kashi 40 na ƙimar da wasan ya yanka masa. Mafi girma, wadda ake kira filatinam, tana mayar da ƙimar gaba ɗaya, ana sayen ta da kashi 30 na abin da za a biya, kuma mako 12 take aiki. Ganga kaɗai take biya, kayan da aka ɗaura ba ruwanta da su. Su kayan, in jirgi ya tarwatse, kowanne na da damar rabi da rabi ya tsira a cikin tarkace, wanda ya riƙe filin daga kuma shi ke kwashewa. Na'ura mai tsada da ka ɗaura tana iya zama kyauta ga wanda ya kashe ka.

Yanzu mu ajiye Caracal kusa da yayansa, Cerberus. A kan gangar Caracal aka gina shi, amma ƙira ce ta mataki na biyu. Bututu shida gare shi maimakon biyar. Garkuwarsa na tare kashi 80 na zafi da kashi 70 na bugu, inda ta Caracal ke tare 20 da 40. In ka yi lissafin da muka yi ɗazu, kowane maki na garkuwarsa ya ninka na ƙaninsa sau huɗu a gaban zafi, sau biyu a gaban bugu. Idan abokan gaba bindigogin Gallente suke riƙe da su, masu zuba zafi da bugu, Cerberus dutse ne. Idan kuwa tartsatsin lantarki suke harbawa, ramin nan na asali yana nan a jikin su biyun, sai an toshe. Farashinsa a kasuwa ya kan ninka na Caracal sau goma ko fiye, inshorarsa kuma ba ta mayar da abin kirki, domin da kayan da ake haƙowa daga watannin da ke kewaya duniyoyin wasan ake ƙera shi, lissafin inshora bai cika kai wa ƙimarsu ba. Caracal ya faɗi, inshora ta share maka yawancin hawayen gangarsa. Cerberus ya faɗi, aljihunka ne ya faɗi.

Akwai wani kuɗin da ba a biya da ISK. Ƙwarewar matuƙi a wasan da lokacin duniya take tafiya, ko kana kan kwamfuta ko kana barci. Kowace ƙwarewa mataki biyar ce. A mafi sauƙinsu, mataki na huɗu yana cika a maki 45,255, na biyar sai 256,000, wato matakin ƙarshe shi kaɗai ya ninka duk na baya fiye da sau huɗu. Ba a hawan Cerberus sai an kai ƙwarewar kuruzan Caldari mataki na biyar, abin da ke cin makonni, ban da sauran sharuɗɗa. Caracal kuwa ɗan kwana kaɗan a wasan ma zai hau. Don haka gwani yakan duba jerin mutanensa ya ƙirga: nawa ne za su iya hawan wannan a daren yau?

Dalilin ƙirgar nan lissafi ne tsoho. A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya nuna cewa in rundunoni biyu na harbin juna daga nesa, kowa na iya saita kowa, ƙarfin runduna na tafiya ne da yawanta an ninka shi da kansa. Jirgi goma su gamu da biyar irinsu: ɗari ne da ashirin da biyar. A takarda, goman za su share biyar ɗin su rasa ɗaya ko biyu kawai. Kafin jirgi ɗaya ya yi daidai da biyu, sai ingancinsa ya ninka nasu sau huɗu. Hausawa sun riga Lanchester faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A EVE abin a fili yake, domin kwamanda sunan mutum ɗaya yake kira, kowa ya juya bindiga kansa, in ya faɗi a kira na gaba.

Da a nan maganar ta tsaya, da kowa jirgi mai araha zai hau. Abu biyu ke karya lissafin. Na farko, kuɗi na sayen jirgi amma ba ya sayen matuƙi. Ƙungiyar da mutum talatin kawai gare ta ba za ta zama sittin don ta hau mai araha ba, dole ta zuba kuɗin a kan ingancin kowane kai. Na biyu, jiragen jinya. Waɗannan ba sa harbi, aikinsu su riƙa ɗinke garkuwa ko sulken duk wanda aka sa a gaba. Wanda ya ga an fara saita shi yakan danna kiran agaji, masu jinya su kama shi, su zuba masa gyara. In gyaran da ke shiga ya fi ɓarnar da ke shiga, ba ya mutuwa, kuma rundunar na iya gama faɗa ba ta rasa ko ɗaya ba. Ga inda tariya mai yawa ke biyan kuɗinta, tunda kowane makin gyara a jikin Cerberus ya fi na jikin Caracal auki. Har lokacin saukar gyaran an auna: na garkuwa a farkon zagayen na'ura yake sauka, na sulke a ƙarshensa, 'yan daƙiƙun nan kuma su ke raba mai rai da matacce. Maganin masu jinya shi ne igwa mai dukan farko mai nauyi. Ƙarfinta na takarda kaɗan ne, amma in hamsin suka saki wuta lokaci guda, jirgi kan tarwatse kafin gyara ya iso.

To wanne ya fi, Caracal ko Cerberus? Wanda ya ba ka amsa nan take bai san aikin ba. Gwani sai ya fara buɗe zKillboard, shafin da ke tara bayanan jiragen da aka kashe tare da duk abin da aka ɗaura musu. Zai bi asarar maƙwabtansa ta makonnin baya ɗaya bayan ɗaya, ya ga irin makamin da suke so, nisan da suke faɗa, ramin da suka bari. Zai duba baitulmalin ƙungiya, domin manyan ƙungiyoyi kan biya mambobinsu jirgin da suka rasa a fitar hukuma, muddin sun ɗaura kayan yadda aka tsara. Sai ya raba kuɗin da ke ƙasa da asarar da yake hasashe a kowace fita, ya ga sau nawa zai iya tsayar da rundunar. Yaƙin ƙungiyoyi watanni yake ɗauka. Rundunar da ta ci faɗa uku ta kasa fitowa na huɗu, ƙasarta ta tafi.

A gefe guda akwai mai gaggawa. Shi yakan sayi kuɗin wasa da kuɗin gaske, ya nufi Jita, ya zaɓi jirgin da ya fi kowanne tsada, ya cika shi da na'urori masu ƙyalli, rabin garkuwa rabin sulke, bindigogi iri uku masu nisa daban-daban. Bai buɗe allon gwaji ba, bai san raminsa ba. Labarinsa a zKillboard ake karantawa, kuma shafin ba ya goge komai.

Can ƙololuwa akwai taitan, jirgi mafi girma da ɗan wasa ke iya tuƙawa, mai makamin da kan kashe babban jirgi da harbi ɗaya, mai kuma iya buɗe wa runduna guda hanya ta tsallaka yankuna. Ƙera shi makonni ne, tsallensa mai ne, kuma kafin 2016, lokacin da aka kawo manyan tashoshin Keepstar, babu inda yake iya shiga ya fake, matuƙinsa kusan ɗaurarre ne a cikinsa. Tashoshin su ma mai suke ci, in ya yanke kariyarsu ta ragu. Har mallakar yanki an riƙa biyan kuɗin haya a kanta, kuma wannan haya ce ta jawo yaƙin da ya fi kowanne suna a tarihin wasan. Ranar 27 ga Janairun 2014 kuɗin hayar wani yanki mai suna B-R5RB bai shiga a kan lokaci ba, mallakarsa ta faɗi, alhali nan ne sansanin ɗaya daga manyan ƙawancen wasan. Abokan gaba suka afka. Sama da 'yan wasa 7,500 suka shiga rikicin, cunkoso ya sa aka rage gudun lokaci zuwa kashi 10 cikin 100, abin da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya ya koma goma. Aka yi awa 21 ana gwabzawa, har sai da aka kashe na'urar wasan don gyaran kullum, wanda ake yi da ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya da Nijar. Taitan 75 suka tarwatse, 59 daga cikinsu na ɓangaren da hayarsa ta faɗi. An ƙiyasta asarar da ISK tiriliyan 11, kimanin dalar Amurka 300,000. A ƙarshen Disambar 2020 yaƙin M2-XFE ya zarce shi, taitan 257 suka tafi, har kundin Guinness ya rubuta shi.

Mai karatu da ke sha'awar gwadawa, tun watan Nuwambar 2016 ana iya shiga wasan kyauta, pyfa ma kyauta ce kuma ba ta buƙatar ka mallaki jirgi ko ɗaya. Fara da firigit. Toshe raminsa, haɗa lokacin lodi a lissafinka, duba minti nawa rumbun wutarsa ke kaiwa. In ka je Jita, kuɗin da ka tanada don jirgi ɗaya mai kyau raba shi goma, ka sayi ƙanana goma iri ɗaya, kowanne da inshorarsa.